Allurar narkar da faifan ƙashin baya: Daga ɗanyar gwanda zuwa asibitocin Japan

Shekaru fiye da sittin ke nan likitoci suna neman hanyar kawar da ciwon ƙafar da ke samo asali daga faifan ƙashin baya ba tare da sun kai ga sa wuƙa ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi janyo muhawara ita ce ta ɗura wani sinadari a tsakiyar faifan, domin ya narkar da ɓangaren da ya ɓullo ya danne jijiya.

Wannan hanya ta yi tashe matuƙa a Amurka a farkon shekarun 1980, sannan ta dusashe cikin 'yan shekaru, har aka daina sayar da maganin kwata-kwata a shekara ta 2003. Jama'a da dama sun ɗauka zancenta ya ƙare ke nan. To sai dai a shekara ta 2018 hukumomin lafiya na ƙasar Japan sun amince da wani sabon sinadari da ke yin irin wannan aiki, lamarin da ya sake farfaɗo da tsohuwar tambaya: shin allura guda za ta iya raba majiyyaci da ɗakin tiyata?

Yadda ciwon ƙugu ke sauka a ƙafa

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne da ke ɗore wani bisa wani, tun daga wuya har zuwa kwankwaso. A tsakanin akasarinsu akwai wani faifai mai taushi, guda 23 ke nan gaba ɗaya, wanda ke yin aikin gammo: yana ɗauke nauyi, yana kuma hana ƙashi gogar ƙashi idan mutum ya sunkuya ko ya juya.

Kowane faifai yana da sassa biyu. Na waje bango ne mai tauri, wanda aka naɗa zobe-zobe kamar ɓawon albasa. Na ciki kuwa wani abu ne mai laushi da danshi, wanda a jikin mai ƙuruciya fiye da kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne. Abin da ke riƙe da ruwan nan wasu manyan ƙwayoyi ne da ke da siffar sandar furotin, wadda aka jera mata dogayen silsiloli na wani nau'in sukari. Silsilolin ne ke zuƙar ruwa kamar soso, su sa cikin faifan ya kumbura ya yi ƙarfi. Duk maganin da za a yi bayani a kai a nan, waɗannan ƙwayoyi yake kai wa hari.

Mutane kan ce faifai ya zame, amma a haƙiƙa faifan a manne yake da ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da shi. Abin da ke faruwa shi ne bangon waje yakan tsage, saboda shekaru ko gado ko yawan ɗaukar kaya, sai abin da ke ciki ya turo ta wurin tsagar. Kimanin kashi 90 cikin 100 na irin wannan matsala a ƙugu suna aukuwa ne a faifai biyu na can ƙasa, inda nauyin jiki ya fi taruwa.

Daidai nan ne kuma saiwoyin jijiyar da ta fi kowace tsawo da kauri a jiki suke fitowa, wato jijiyar da ta bi ta ɗuwawu da bayan cinya har zuwa tafin ƙafa. Idan abin da ya ɓullo ya taɓa saiwar, yakan danne ta, yakan kuma sa ta kumbura saboda wasu sinadarai da yake fitarwa. Shi ya sa majiyyaci kan ji zafi kamar wutar lantarki ta ja shi a ƙafa ɗaya, ko ƙafar ta sage, ko ta yi rauni, alhali ita ƙafar lafiyarta ƙalau. Tari ko atishawa ko dogon zama kan tsananta zafin.

Ciwon tsoho ne a tarihin likitanci. Littattafan Larabci na da, ciki har da na Ibn Sina, sun san shi da sunan irƙun nasa. Amma sai a shekara ta 1934 ne wasu likitoci biyu na birnin Boston, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna ƙarara cewa tsagewar faifai ce ke haddasa shi a mutane da yawa, kuma ana iya cire ɓangaren da ya ɓullo ta hanyar tiyata.

Akasari yakan warke da kansa

Kafin a auna kowane magani na wannan ciwo, tilas a san abu guda: mafi yawan waɗanda suka kamu da shi sukan sami sauƙi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu, da maganin rage zafi da motsa jiki daidai gwargwado. Jiki kan ɗauki abin da ya ɓullo a matsayin baƙo, ya tura ƙwayoyin garkuwa su cinye shi sannu a hankali. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya ƙiyasta cewa hakan na faruwa a kimanin kashi biyu cikin uku na majiyyata. Abin mamaki, manyan ɓullowa ne suka fi saurin zaizayewa.

Hoton asibiti ma yana iya ruɗar mutum. A shekara ta 1994 masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton bayan mutane 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan da na'urar MRI. Kashi 52 cikin 100 an ga faifansu ya ɗan kumburo, kashi 27 cikin 100 kuma an ga ya turo sosai. Saboda haka likitoci ba sa yanke shawara bisa hoto kaɗai, sai ya dace da inda majiyyaci ke jin zafi.

Ita kuwa tiyata, babban amfaninta shi ne sauri. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holland kan majiyyata 283, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa, amma bayan shekara guda kimanin kashi 95 cikin 100 na kowane rukuni sun murmure. Sai dai kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka sa su jira, daga baya tiyatar aka yi musu.

Matsalar ke nan. Akwai mutanen da watanni kan shuɗe ciwon bai sake su ba, ba sa iya aiki, ba sa iya barci, kuma ba sa son tiyata ko jikinsu ba zai ɗauke ta ba. Domin su aka ƙirƙiro allurar.

Kunnuwan zomaye

Asalin labarin ɗanyar gwanda ce. Idan aka tsaga fatarta, wani farin ruwa mai kama da madara kan fito, wanda ke ɗauke da sinadaran da masana ke kira enzayim. Aikin enzayim shi ne hanzarta wargaza wasu abubuwa, kamar yadda na cikin yawu da tumbi ke narkar da abinci. Na gwanda furotin suke farfasawa, dalilin da ya sa tun da daɗewa ake naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda a ƙasashe masu zafi domin ya yi laushi. A shekara ta 1941 wasu masana kimiyya biyu a Amurka, Jansen da Balls, suka ware ɗaya daga cikin sinadaran, wanda ake kira kaimofafen.

Shekaru goma sha biyar bayan haka, a 1956, wani likita mai bincike a birnin New York, Lewis Thomas, ya ba da labarin abin da ya gani da ya ɗura wa zomaye ruwan gwandan a jijiyar jini. Cikin 'yan sa'o'i kunnuwansu da ke tsaye suka langaɓe, bayan 'yan kwanaki kuma suka sake miƙewa. Sinadarin ya zare abin da ke riƙe ruwa a guringuntsin kunnen ne, daga bisani jiki ya mayar da shi.

Wani likitan ƙashi a jihar Illinois, Lyman Smith, shi ne ya hango amfanin wannan ga masu ciwon baya. Tunda cikin faifai da guringuntsi kusan abu ɗaya ne ya gina su, in ji shi, ɗan kaɗan na sinadarin a tsakiyar faifai zai sa ya saki ruwansa ya motse, matsin da ke kan jijiya ya ragu. Ya gwada a jikin zomaye da karnuka, a 1963 ya fara yi wa mutane, a 1964 kuma ya wallafa sakamakon majiyyata goma na farko a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka.

Tashe da faɗuwa

Kafin tsakiyar shekarun 1970, an yi wa kusan mutane dubu 17 allurar a matsayin gwaji, kuma likitocin da ke yin ta suna ta yabon sakamakon. Daga nan sai aka gudanar da wani gwaji a asibitin sojoji na Walter Reed da ke Washington, inda aka raba majiyyata 66 gida biyu, wasu aka ɗura musu maganin, wasu kuma ruwan da ba shi da sinadarin, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wanda aka ba wa wane ba. Kashi 58 cikin 100 na rukunin farko sun sami sauƙi, na biyu kuma kashi 49. Tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba, don haka kamfanin Baxter Travenol ya janye takardar neman izininsa a 1975.

Magoya bayan maganin sun soki gwajin. Sun ce mutanen sun yi kaɗan, likitocin ba su ƙware da allurar ba, kuma shi kansa ruwan da aka yi kwatance da shi yana ɗauke da wasu sinadarai da ka iya yin tasiri a faifai. A tsawon shekarun da aka shafe ana wannan jayayya, Amurkawa da dama sun riƙa tsallakawa Kanada, inda aka ci gaba da yin allurar.

An sake yin wasu gwaje-gwajen da suka fi na farko tsari, a wannan karon da ruwan gishiri zalla, sakamakon kuma ya goyi bayan maganin. A watan Nuwamban 1982 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi, aka fara sayar da shi da sunan Chymodiactin.

Abin da ya biyo baya shi ne rububi. Ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na tiyatar jijiya sun shirya kwasa-kwasan yini guda, dubban likitoci suka halarta, da yawansu ba su taɓa soka allura a faifai ba. Majiyyata suka yi ta tururuwa, aka yi wa waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba. Ba a jima ba rahotanni masu tayar da hankali suka fara fitowa.

Haɗari na farko shi ne borin jiki mai tsanani, irin wanda ke sa jini ya faɗi warwas numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintuna. Da farko yakan sami kusan mutum guda cikin ɗari ko ɗari biyu, ya kuma fi yawa a tsakanin mata. Dalili shi ne jikin mutane da dama ya riga ya san sinadaran gwanda, ta hanyar garin tausasa nama ko ruwan wanke ɗan gilashin da ake manna wa ido, har ya tanadi garkuwa a kansu.

Haɗari na biyu ya fi muni. Idan bakin allurar ya kauce ya shiga cikin jakar da ke kewaye da laka, kaimofafen kan ɓarke ƙananan hanyoyin jini, a sami zubar jini a cikin laka ko ƙwaƙwalwa. Wasu majiyyata sun shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Akwai kuma 'yan ƙalilan da lakarsu ta kumbura makonni bayan allurar, lamarin da aka daɗe ana taƙaddama a kan ko maganin ne ya haddasa shi.

Alƙaluman da aka tattara daga baya sun nuna cewa abin bai kai yadda aka ji tsoro ba. Wani nazari da aka wallafa a 1993 ya ce daga 1982 zuwa 1991 an yi wa kimanin mutane dubu 135 allurar a Amurka, an kuma kai rahoton munanan illoli 121, ciki har da mutane bakwai da borin jiki ya yi ajalinsu. Marubutan nazarin sun ce wannan bai kai yawan illolin tiyata ba, ko da yake rahotannin da likitoci ke kaiwa bisa raɗin kansu kan gaza adadin gaskiya. An kuma koyi darussa: gwada jinin majiyyaci tukuna, rage yawan maganin, da yin allurar mutum yana farke maimakon a sa shi barci, domin ya yi magana idan an taɓa jijiya.

Amma aikin gama ya gama. Tsoron shari'a ya kori likitoci da yawa. A daidai lokacin kuma tiyatar faifai ta sauya kamanni, domin tun daga 1977 likitoci irin su Gazi Yasargil a Switzerland da Wolfhard Caspar a Jamus suka fara yin ta da madubin ƙara girman abu ta wata 'yar ƙaramar kafa, majiyyaci ya tashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kasuwar maganin ta yi ta raguwa, hakkin mallakarsa ya yi ta sauya hannu, har aka dakatar da sayar da shi. A watan Janairun 2003 hukumar FDA ta bayyana cewa janyewar ba ta da nasaba da rashin inganci ko haɗarin maganin.

Me bincike ya tabbatar?

Idan aka ajiye hayaniyar gefe, hujjojin da ke bayan kaimofafen sun fi na wasu hanyoyin da suka maye gurbinsa ƙarfi. A birnin Adelaide na Australiya, likita Robert Fraser ya bi diddigin majiyyata 60 har tsawon shekaru goma. A ƙarshe kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin sun ce an yi nasara, yayin da kashi 34 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri suka faɗi haka.

Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tace sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta taƙaita matsayin a nazarinta na 2007: allurar ta fi ruwan gishiri amfani, tiyata kuma ta fi allurar. Wani kaso na waɗanda aka yi wa allurar daga bisani sai da aka yi musu tiyata, da yawansu kuma sun sha fama da ciwon baya da ɗaurewar nama na kwanaki ko makonni bayan allurar. Matsayinta ke nan na gaskiya, tsani ne tsakanin haƙuri da wuƙa, kuma wannan tsanin ne ya ɓace a akasarin ƙasashe bayan 2003.

An gwada wasu abubuwan a madadinsa. A ƙasar Sin an daɗe ana amfani da wani enzayim mai narkar da zaren kolajin. A Italiya da wasu ƙasashe akan ɗura iskar ozon, wadda ba enzayim ba ce. Babu ɗaya daga cikinsu da ya sami karɓuwa a duniya baki ɗaya.

Sabon sinadari daga Japan

Aibin kaimofafen shi ne ba ya zaɓe. Furotin iri-iri yake farfasawa, ko na faifai ne ko na hanyar jini. Masu bincike sun daɗe suna neman sinadarin da zai yanke silsilolin sukarin nan masu riƙe ruwa kaɗai, ya ƙyale sandar furotin da sauran naman da ke kewaye.

An same shi a jikin wata ƙwayar bakteriya mai suna Proteus vulgaris. Masana a Jami'ar Nagoya ne suka tace sinadarin suka yi bayaninsa tun a 1968, aka kuma shafe shekaru ana amfani da shi a ɗakunan bincike kawai. Kamfanin Seikagaku na birnin Tokyo ya mayar da shi magani, wanda ake kira kondoliyas. Tunda ba ya taɓa furotin, ana ganin barazanarsa ga jijiyoyi da hanyoyin jini ba ta kai ta wanda ya gabace shi ba.

A babban gwajin da aka yi a Japan, an raba majiyyata 163 gida biyu, aka auna zafin ƙafarsu da ma'auni mai maki 100. Bayan makonni 13, zafin ya ragu da kimanin maki 49 a rukunin da ya sami maganin, a ɗaya rukunin kuma da kimanin maki 34. Tazarar maki 15 ta isa a ce maganin yana aiki. Amma duk mai karanta alƙaluman da kyau zai lura cewa kaso mafi girma na sauƙin, har waɗanda ba su sami maganin ba sun same shi, wanda ke ƙara tabbatar da cewa lokaci babban likita ne a wannan ciwo.

Ma'aikatar lafiya ta Japan ta amince da maganin a watan Maris na 2018, aka fara sayar da shi a watan Agustan shekarar da sunan Hernicore, inshorar lafiya ta ƙasar kuma ta ɗauki nauyinsa. Da alama hukumomin sun yi karatun ta-natsu a kan abin da ya faru a Amurka, domin sun gindaya sharuɗɗa: likitocin da suka cika wasu ƙa'idojin ƙwarewa ne kaɗai aka yarje wa yin allurar, a asibitocin da ke da kayan ceton rai idan jiki ya yi bori. An kuma ƙayyade cewa sau ɗaya tak za a yi wa mutum ita a rayuwarsa, saboda sinadarin baƙon furotin ne, karo na biyu kuma jiki na iya tarbarsa da faɗa.

Rahotannin da asibitocin Japan suka wallafa tun daga lokacin sun nuna cewa kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na majiyyata kan sami sauƙi mai ma'ana. Irin waɗannan rahotanni ba su da rukunin kwatance, don haka ba su kai gwaji ƙarfi ba. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ciwon baya na ɗan lokaci, sai ƙuraje ko ƙaiƙayi a wasu. Hotuna kuma sun nuna cewa faifan kan rage kauri bayan allurar, har a ga wasu sauye-sauye a bakin ƙasusuwan da ke maƙwabtaka da shi, dalilin da ya sa ake taka-tsantsan wajen yi wa masu ƙananan shekaru.

Yadda ake yin allurar, da waɗanda ba ta dace da su ba

Majiyyaci kan kwanta ta gefe ko rub da ciki, a kashe masa zafin wurin. Likita yana kallon hoton ƙashi kai tsaye a allo, sai ya soka doguwar siririyar allura daga gefen baya a karkace, yadda za ta kauce wa laka da saiwar jijiya ta shiga tsakiyar faifan. Ruwan da ake ɗurawa mililita ɗaya ne kacal. Daga nan a sa wa mutum ido na 'yan sa'o'i, wasu su koma gida a ranar, wasu su kwana guda. Sauƙin ba ya zuwa nan take kamar na tiyata. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci har watanni uku.

Bai kamata a haɗa wannan da allurar rage kumburi da ake yi a kewayen jijiya ba, wadda ta fi yaɗuwa a asibitoci, kuma takan ba da sauƙi na ɗan lokaci ba tare da ta taɓa faifan ba. Haka nan ba ta da alaƙa da allurar rage zafi da ake yi a ɗuwawu a shagunan magani, wadda idan aka soka ta ba daidai ba tana iya raunata ita kanta babbar jijiyar ƙafar. Cin gwanda ko shan ruwan ganyenta ma ba ya isar da sinadarin zuwa faifai, domin tumbi kan narkar da shi kamar kowane furotin, kuma cikin faifan baligi kusan ba shi da hanyar jini.

A Japan an keɓe maganin ne ga nau'i guda na ciwon: wanda abin da ke cikin faifan ya ɓullo amma har yanzu wani tantani mai ƙarfi da ke bayan ƙasusuwan yana tare da shi, kuma an gwada magunguna da motsa jiki ba a dace ba. Idan gutsuren ya tsinke ya faɗa cikin hanyar laka, sinadarin da aka ɗura a faifai ba lallai ya kai gare shi ba. Allurar kuma ba ta maganin ƙuncin hanyar laka da ke zuwa da tsufa, ko ciwon bayan da bai sauka ƙafa ba. Akwai ma cututtukan da ke kwaikwayon wannan ciwo, kamar tarin fuka na ƙashin baya, wanda ake yawan gani a ƙasashen da cutar ta yi katutu, da kuma ciwon daji. Zazzaɓi da rama da zafin da ke ƙaruwa da dare na daga cikin alamun da ke sa likita ya faɗaɗa bincike.

Akwai kuma yanayin da ba a jira ko kaɗan. Idan mutum ya kasa yin fitsari ko riƙe shi, ko bayan gida ya riƙa kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa da al'aurarsa suka sage, ko ƙafarsa ta riƙa ƙara rauni har yana jan ta, to alama ce ta cewa tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka sun matse. Wannan tiyatar gaggawa yake buƙata, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin naƙasa ta dindindin.

Yunƙurin komawa Amurka

Shigar da kondoliyas ƙasar da aka fara wannan hanya bai zo da sauƙi ba. Babban gwaji na farko da aka yi a Amurka ya ƙare a 2017 ba tare da ya nuna bambancin da ake nema tsakanin maganin da allurar kwatance ba. Kamfanin Seikagaku ya sake shirya wani, inda ya tsaurara sharuɗɗan zaɓen majiyyata. An yi shi kan mutane 352, a 2023 kuma aka sanar cewa ya cimma manufarsa, ko da yake tazarar da aka samu kimanin maki bakwai da rabi ce cikin 100, rabin wadda aka gani a Japan ke nan.

Kamfanin Ferring ne ya sayi izinin sayar da maganin a wajen Japan a 2016, an kuma gabatar da hujjojin gaban kwamitin masana da ke bai wa hukumar FDA shawara a watan Janairun 2025. Mambobi takwas sun kaɗa ƙuri'ar cewa amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa, huɗu kuma suka ƙi, inda aka nuna damuwa game da makomar faifan da ya rage kauri bayan shekaru masu yawa. A watan Maris na shekarar hukumar ta aike da wasiƙar da ke cewa ba za ta amince da takardar neman izinin a yadda take ba. Kamfanin Seikagaku ya ce batutuwan da wasiƙar ta tayar sun shafi masana'anta da tsarin sarrafa maganin ne, ba sakamakon gwajin da aka yi a jikin majiyyata ba, ya kuma ce zai gyara ya sake gabatar da takardar.